Daga Ɗanɗanon Fitsari Zuwa Alamomin Jini: Tarihin Hasashen Ciwon Suga

Tsawon ƙarnoni, likita ba ya gane ciwon suga sai alamunsa sun fito fili: yawan ƙishirwa, yawan fitsari da rama. A 1674 Thomas Willis ya yi bayanin zaƙin fitsarin masu cutar, sannan a 1776 Matthew Dobson na birnin Liverpool ya nuna cewa suga ne ke kawo zaƙin, kuma akwai shi a ruwan jininsu. Daga nan hankalin masana ya soma karkata ga jini.

A 1968 Samuel Rahbar ya gano a Tehran cewa wani nau'in himogulobin, wato HbA1c, yana ƙaruwa a jinin masu cutar. Wannan awo yana nuna matsakaicin sugan jini na kimanin wata uku, kuma a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da kashi 6.5 cikin ɗari a matsayin iyakar tabbatar da cutar.

Sai dai tabbatarwa daban, hasashe daban. Tun 1969 Philip Felig da abokan aikinsa suka lura cewa wasu sinadaran amino, waɗanda su ne tubalan furotin, suna taruwa a jinin masu ƙiba. A 2011 Thomas Wang da Robert Gerszten da tawagarsu suka wallafa sakamakon bin diddigin mutum 2,422 na nazarin Framingham a Amurka har shekara 12, inda 201 suka kamu. Sun gano cewa hauhawar sinadaran amino biyar, ciki har da lusin da balin, tana gabatar cutar da shekaru, alhali sugan jini yana nan daidai.

A nan ne tarihin ya shafe mu. Akasarin mutanen Framingham tsatson Turai ne, kuma awo yana gadon halin al'ummar da aka gina shi a kanta. Bincike na 2017 a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka ya nuna cewa masu ɗauke da ƙwayar halittar sikila guda ɗaya sukan nuna HbA1c ƙasa da abin da sugansu ya kai. Wannan gado ya yawaita a Afirka ta Yamma, saboda haka awon na iya wanke mai cuta ya koma gida ba magani. Kafin a dogara da sababbin alamomin a asibitocin Kano ko Maraɗi, wajibi ne a gwada su a jinin mutanen yankin, a kuma bi su shekaru kamar yadda aka bi na Framingham.