Injuna sun canza, sunayen suna nan

A ƙarshen shekarun 1980 na fara bin maigidana aikin haɗa wayar tarho a ofisoshin Kano, daga masana'antun Bompai har zuwa Sharaɗa. Kafin ya bar ni na riƙe filaya, sai da ya sa na haddace sunaye. "Yaro," in ji shi, "wanda bai san sunan abu ba, ba zai gane ciwonsa ba."

Ranar farko ya miƙo mini wayoyi biyu sirara na jan ƙarfe, ya ce wannan tif, wannan rin. Sunayen sun samo asali ne daga filogin da afaretocin dā ke sokawa a allo don haɗa mai kira da wanda ake nema: tif shi ne tsinin filogin, rin kuma zoben da ke bayansa. A kan wayoyin nan biyu murya ke tafiya, a kansu kuma wuta mai ƙarfin bolt 48 ke zuwa daga batiran babbar tashar tarho. Shi ya sa ko an ɗauke wuta wayar girke tana aiki. In kira ya shigo kana riƙe da su, wutar ƙararrawa takan kai kusan bolt 90, ka ji ta har gwiwar hannu. Mai sana'ar nan ba ya manta wannan darasi.

A lokacin layi abu ne mai wuyar samu. An kafa kamfanin tarho na NITEL a 1985, amma har zuwa shekara ta 2000 layukan da ke aiki a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, ga mutane sama da miliyan 100. Kamfanin da ya samu layi uku ya yi arziki, sauran aiki shi ne yadda zai raba su ga ma'aikata. A nan akwatin PBX ya shigo, wato ƙaramar tashar tarho ta cikin gida. Wanda muka fi kafawa shi ne na Panasonic da muke kira 308: layi 3 na waje, layi 8 na ciki. Na waje sunansu tarank, kamar gangar itace, na ciki kuma ekstenshan, su ne rassan. Kiran ofis zuwa ofis, wato intakom, kyauta ne. Mai son fita waje sai ya danna 9, ya saurari sautin layi, sannan ya buga lamba. Sau da yawa manaja kan ce mu toshe wa wasu ekstenshan kiran nesa, kada a buga 01 zuwa Legas ko 062 zuwa Kaduna, a tsaya cikin 064. Inda babu akwati, kwaɗo ake sa wa faifan juya lamba.

Wasu akwatunan an rubuta musu PABX. Harafin da aka ƙara yana nuna cewa na'ura ce ke haɗa kira da kanta, dabarar da Almon Strowger, wani mai sana'ar jana'iza a Amurka, ya yi wa rajista a 1891. Duk da haka ba a daina kiran sakatariyar da ke amsa waya afareta ba. Manyan bankuna kuwa sukan ɗauki layin E1, wanda ke ɗaukar kira 30 a lokaci guda.

Sai ga Agustan 2001, Econet da MTN suka fara aikin salula. Cikin 'yan shekaru abokan aikina da dama suka koma gyaran wayar hannu a kasuwar Farm Centre. Mu da muka tsaya, dole muka sake zama ɗalibai. Kebul mai waya 2 ya koma mai waya 8, ƙaramin kan RJ11 ya ba wa RJ45 wuri. Muka koyi suwic mai haɗa na'urorin cikin ofis, da rauta mai fitar da su zuwa intanet, da adireshin IP da kowace waya ke buƙata. Murya ta zama 'yan ƙunshin bayanai masu bin hanya ɗaya da saƙon imel, abin da ake kira VoIP. Bayan kebul ɗin Main One da Glo-1 sun iso Legas ta ƙarƙashin teku, wannan hanya ta ƙara sauƙi. Ƙorafin abokan ciniki ma ya canza. A dā ruwa ne ke shiga kebul da damina layi ya yi ta ƙara. Yanzu murya ce ke yankewa ko ta makara in hanya ta cunkushe, kuma in babu inbata, wuta na ɗaukewa waya ta mutu.

Abin da ke burge ni shi ne sunayen ba su tafi ba. PBX yanzu manhaja ce irin su Asterisk, wani lokaci ma tana zaune a wata ƙasa, amma ekstenshan 101 na nan a teburin manaja, layin da ke shigowa ta intanet kuma SIP tarank ake ce masa.

Kwanan baya yarona ya tambaye ni dalilin da ake cewa tarank alhali babu wata ganga, babu reshe. Na buɗe akwatin kayan aiki, na ciro tsohon filogin da maigidana ya bar mini, na ɗora masa a tafi. Na ce, "Taɓa tsinin nan. Daga nan za mu fara."