Tarihin Maganin Kumburin Maraina

Kumburin maraina tsohon ciwo ne, amma maganinsa na gaskiya bai daɗe da samuwa ba. Wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, wani likitan Yunanawa, Hifokiratis, ya rubuta labarin wata annoba da ta auku a tsibirin Tasos. Ya ce samari suna kumbura a gindin kunne, daga baya waɗansunsu marainansu su kumbura da zafi. Wannan ciwo shi ne muke kira hangum.

Daga zamaninsa likitoci suka yi shekara fiye da dubu biyu suna ganin kumburin, ba su san tushensa ba. Iyakarsu su kwantar da majiyyaci, su tallafe wurin da ƙyalle, su sa masa matsattsaku su zuƙi jini.

Cikin 1879 wani Bajamushe, Albat Naisa, ya ga ƙwayar ciwon sanyi da madubin likita. Ita wannan ƙwaya takan bi hanyar fitsari har ta kai ga wani siririn bututu da ke naɗe a bayan ɗan maraina, inda ƙwayoyin haihuwa ke taruwa su ƙosa. In bututun ya toshe hagu da dama, haihuwa ta yi wuya ke nan. Cikin 1934 kuma likitoci biyu na Amurka suka tabbatar hangum yana da tasa ƙwayar dabam, wadda ta fi ƙarfin madubin zamanin don ƙanƙanta. Ashe kumburin kama ɗaya ne, sanadinsa ne ya bambanta.

Sa'an nan magani ya biyo baya. An gano penisilin a Ingila cikin 1928, aka fara kashe ciwon sanyi da shi cikin 1943, ko da ya ke yanzu ƙwayar ta yi masa taurin kai, an koma ga waɗansu allurai. Hangum kuwa ba ya jin irin waɗannan magunguna, sai rigakafi, wanda aka fitar a Amurka cikin 1967. Bayan 1970 aka gane wata ƙwayar kuma, kalamidiya, tana yawan kawo kumburin ga samari ta wurin saduwa. Ga dattawa kuwa, galibi daga ƙwayoyin cutar mafitsara ne.

Don haka likitan yau ba ya ba da magani sai ya nemi sanadi. Zai duba wurin, ya auna fitsari, in da hali ya ɗauki hoton ciki da na'ura. Babban abin da ya ke tsoro shi ne murɗewar ɗan maraina, watau igiyarsa ta naɗe, jini ya daina shiga. Wannan sai tiyata, kuma in an wuce kamar sa'a shida yana iya lalacewa.

To, wanda ciwon nan ya sama kada kunya ta tsare shi a ɗaki, kada kuma ya sayi ƙwaya a kasuwa bisa zato. Ya tafi asibiti ran nan. In ta wurin saduwa aka same shi, a yi wa matarsa magani tare da shi.