Madatsar Ruwan Aswan: Rancen Rasha da Audugar Masar, 1955–1976

Gabatarwa

A littattafan tarihin Yaƙin Cacar Baka akan kira dukiyar da ƙasashen gurguzu suka zuba a Afirka da Asiya da sunan "taimako". Amma Hausa ta bambanta kyauta da rance, ta kuma bambanta rance da cinikin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda. In aka bi yarjejeniyoyin da Tarayyar Sobiyet ta ƙulla da ƙasashe masu tasowa a tsakiyar ƙarni na 20, za a tarar mafi yawansu rance ne mai sauƙin ruwa wanda ake biya da amfanin gona. Manufar wannan maƙala ita ce a duba misali guda, watau babbar madatsar ruwa ta Aswan da ke kan kogin Nilu a Masar, domin a ga yadda aka ƙulla irin wannan ciniki, da abin da kowane ɓangare ya samu, da kuma waɗanda nauyinsa ya faɗa wa.

Yadda Rasha ta juyo ga ƙasashe masu tasowa

A zamanin Stalin, hukumomin Mosko ba su ɗauki shugabannin sababbin ƙasashe irin su Nehru na Indiya da wata daraja ba, don a ganinsu 'yan koren jari-hujja ne. Bayan mutuwarsa a watan Maris na 1953 sai ra'ayi ya sauya. Khrushchev ya ga cewa ƙasar da ta ƙi shiga ƙawancen soja da Amurka riba ce ga Rasha, ko da kuwa ba ta karɓi aƙidar gurguzu ba. A watan Fabrairu na 1955 aka sa hannu kan gina masana'antar ƙarfe ta Bhilai a Indiya, a ƙarshen shekarar kuma Khrushchev da Bulganin suka ziyarci Indiya da Bama da Afganistan. A watan Afrilu na wannan shekara ne aka yi taron Bandung a Indonesiya, inda Jamal Abdul Nasir na Masar ya gana da Zhou Enlai na Sin.

Tayin Yamma da janye shi

Tun 1902 Ingilishi suka gina wata ƙaramar madatsa a Aswan, amma ba ta iya riƙe ruwan shekara guda zuwa wata. Hafsoshin da suka kifar da Sarki Faruk a 1952 sun ƙudurta gina wadda za ta tara ruwan shekarun ambaliya domin shekarun fari, ta faɗaɗa ƙasar noma, ta kuma ba da wutar lantarki ga masana'antu. Tun farko Yamma suka nufa neman kuɗi. A watan Disamba na 1955 Amurka ta yi alkawarin dala miliyan 56, Ingila miliyan 14, Bankin Duniya kuma ya shirya ba da rancen miliyan 200.

Sai dai kafin wannan alkawari, a watan Satumba na 1955, Nasir ya riga ya bayyana cewa Masar za ta sayi makamai ta hannun Cekoslobakiya, ta biya da auduga da shinkafa. A watan Mayu na 1956 kuma ya amince da gwamnatin gurguzu ta Sin. Daɗin daɗawa, 'yan majalisar Amurka masu wakiltar jihohin kudu, inda ake noman auduga, ba su so a kashe kuɗin ƙasarsu wajen ƙarfafa abokiyar gasarsu a kasuwa ba. Ran 19 ga Yuli 1956 sakataren harkokin wajen Amurka, John Foster Dulles, ya shaida wa jakadan Masar cewa an janye tayin, Ingila kuma ta bi sahu. Mako guda bayan haka, ran 26 ga Yuli, Nasir ya tsaya a Iskandariya ya ce kamfanin mashigin ruwan Suwes ya zama na ƙasa, kuma da kuɗin fiton jiragen za a gina madatsar. Wannan ne ya jawo harin da Isra'ila da Ingila da Faransa suka kai wa Masar a ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba, wanda matsin lambar Amurka da Rasha ya tilasta musu dakatarwa.

Sharuɗɗan rancen

Rasha ba ta yi garaje ba. Sai a watan Disamba na 1958 aka sa hannu kan rancen rubul miliyan 400 domin kashi na farko na aikin, sa'an nan a 1960 aka ƙara rubul miliyan 900 domin kammala shi. Ruwan bashin kashi 2.5 ne cikin ɗari, za a biya cikin shekara 12. Muhimmin abu shi ne ba tsabar kuɗi aka miƙa wa Masar ba. An rubuta mata bashi ne na injuna da ƙarafa da albashin injiniyoyin Rasha, ita kuma tana biya da fam ɗinta a cikin wani asusu, wanda Rashawa ke amfani da shi su sayi kayan Masar, musamman auduga mai dogon zare.

Wannan tsari yana da daɗi ga ƙasar da ba ta da dala. Amma yana da ƙaya. Audugar da aka jinginar wa Gabas ita ce wadda da za a kai Landan ko Milan a samo kuɗin waje da ita, kuma rancen ba ya sayen kaya sai daga wurin wanda ya ba da shi, ko da akwai mafi inganci a wani wuri. Haka kuma rancen bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin aikin ba. Ragowar daga baitulmalin Masar ya fito.

An soma aiki ran 9 ga Janairu 1960, bisa tsarin da injiniyoyin Rasha suka gyara ƙarƙashin Nikolai Malyshev, tare da kamfanin ɗan kwangilar Masar Usman Ahmad Usman da dubban leburori. A watan Mayu na 1964 Khrushchev ya zo da kansa aka karkatar da kogin. An gama ginin a 1970, Nasir kuma ya rasu a watan Satumba na shekarar. Anwar Sadat da Nikolai Podgorny ne suka buɗe madatsar ran 15 ga Janairu 1971. Tsayinta mita 111, tsawonta mita 3,830, tana da injin lantarki 12 masu ba da megawat 2,100.

Rance bai sayi aƙida ba

Wanda ya zaci Masar ta zama 'yar amshin shatar Mosko saboda wannan bashi, to, tarihi bai goyi bayansa ba. A farkon 1959, 'yan kwanaki bayan sa hannu kan rancen farko, gwamnatin Nasir ta kame 'yan gurguzun Masar da yawa ta tsare su, kuma shi da Khrushchev suka yi musayar zafafan kalamai a bainar jama'a. Duk da haka ba a dakatar da aikin ba. An sako fursunonin gab da ziyarar 1964, a 1965 kuma jam'iyyarsu ta rushe kanta. Watau Rasha ta zaɓi zumunci da gwamnati a kan 'yan'uwanta na aƙida.

Zumuncin ma bai dawwama ba. Sadat ya ƙulla yarjejeniyar abota da Rasha a watan Mayu na 1971, ya sallami mashawartanta na soja a watan Yuli na 1972, ya soke yarjejeniyar a 1976, ya karkata ga Amurka. Irin wannan ta riga ta faru a Gini, inda Sekou Touré ya karɓi rancen Rasha bayan 'yancin 1958, amma ya kori jakadanta a watan Disamba na 1961.

Waɗanda suka biya da gidajensu

Akwai kuma wani ɓangare da ba a sa hannunsa a takardar rance ba. Tafkin da ya taru a bayan madatsar ya kai tsawon kimanin kilomita 500, ya shiga cikin Sudan. A yarjejeniyar ruwan Nilu ta 1959 Masar ta sami rabon ruwa na kubik mita biliyan 55.5 a shekara, Sudan 18.5, aka kuma biya Sudan diyyar fam miliyan 15 na Masar. Habasha, wadda mafi yawan ruwan ke gangarowa daga tsaunukanta, ba a sa ta ciki ba, kuma wannan na daga cikin tushen saɓanin da ke tsakaninta da Masar a kan madatsar da ta gina a Nilu Shuɗi.

Mutanen Nuba kimanin 100,000 ne aka tayar daga garuruwan kakanninsu a 1963 da 1964. Na Masar aka kai su yankin Kom Ombo, na Wadi Halfa a Sudan kuma aka kwashe su cikin jirgin ƙasa zuwa Khashm el-Girba a bakin kogin Atbara, nesa da gonakin dabinonsu. Hukumar UNESCO ta tara kuɗi daga ƙasashe da yawa aka yanka gumakan Abu Simbel aka ɗaga su bisa tudu tsakanin 1964 da 1968. Duwatsun sun sami kulawar duniya fiye da mutanen da suke zaune kusa da su, kuma harshen Nuba da al'adunsa sun raunana a sababbin matsugunai.

Kammalawa

Madatsar ta yi abin da aka gina ta dominsa. Ta kai wuta ƙauyuka, ta sa ana noma fiye da sau ɗaya a shekara a kudancin Masar, kuma lokacin farin shekarun 1980, wanda ya jefa Habasha da Sudan da yankin Sahel cikin yunwa, ruwan da ta tara ne ya tsare Masar. A gefe guda ta hana dagwalon da ambaliya ke kawowa gonaki, manoma suka dogara da takin zamani, teku kuma yana cin bakin gaɓa. Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, madatsar tana nan tana aiki. Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne mai nazarin irin waɗannan yarjejeniyoyi bai kamata ya tsaya ga sunan da aka laƙa musu ba. Ya kamata ya tambayi da wane kuɗi aka rubuta bashin, da me za a biya shi, wa ke yanka farashin kayan biya, kuma gidan wa ruwan zai ci.