Yadda Kasuwar Hannun Jari Ta Shiga Ajin Jami'a

A ƙarni na 19, yaron da ke son zama dillalin hannun jari a Landan ko New York ba makaranta ake kai shi ba. Hannun wani mai gida ake danƙa shi, ya fara da aike da kwafe lissafi, yana kasa kunne, har ya gane wanda ake ba bashi da wanda ake yi wa murmushi a sallama. Malaman jami'a kuwa kallon 'yan caca suke yi wa mutanen kasuwar, ba su ga abin karantarwa a cikinta ba.

Wani attajirin masana'antar ƙarfe a Filadelfiya, Joseph Wharton, shi ya fara buɗe ƙofa. A 1881 ya bai wa Jami'ar Pennsylvania dala 100,000 don a kafa makarantar kuɗi da tattalin arziki, wadda har yau take ɗauke da sunansa. Harvard ta buɗe tata a 1908. Sai dai karatun wancan zamani bai wuce bayani ba: ga ire-iren takardun lamuni, ga dokar kafa kamfani, ga yadda kamfanin jirgin ƙasa ke tara jari. Yadda farashi ke hawa da sauka, da dalilinsa, an bar wa 'yan kasuwa.

Mutum ɗaya ya taɓa wannan tambaya tun da wuri, kuma abin da ya same shi abin tausayi ne. A 1900 Louis Bachelier ya gabatar da kundin digirin digirgir a Sorbonne da ke Faris, a gaban babban masanin lissafi Henri Poincaré. Ya nuna cewa farashi a kasuwar Faris yana tafiya ne ba tare da alƙibla ba, motsin jiya ba ya faɗa maka na gobe, amma ana iya lissafa iyakar nisan da zai iya kaiwa. Irin wannan lissafi ne Einstein ya yi amfani da shi a 1905 wajen bayanin motsin ƙwayoyin abu a cikin ruwa. Bachelier ya rasu a 1946 ba tare da masana tattalin arziki sun san da shi ba, sai a shekarun 1950 Paul Samuelson da wasu suka tono aikinsa.

Faɗuwar kasuwar New York a 1929 ta sa mutane suka fara neman ilimi da gaske, domin zuwa 1932 ma'aunin Dow Jones ya zube da kusan kashi 89 cikin ɗari. Benjamin Graham, wanda ya fara koyarwa a Jami'ar Columbia a 1928 kuma shi ma ya tafka hasara, ya haɗu da David Dodd suka fitar da littafin Security Analysis a 1934. Darasinsu shi ne ɗalibi ya buɗe littattafan kamfani, ya ƙirga kadarorinsa da bashin da ke kansa, kada ya saya sai farashi ya yi ƙasa sosai da darajar abin. Shahararren mai zuba jari Warren Buffett a ajin Graham ya zauna.

Babban juyin ya zo ne daga Jami'ar Chicago. A 1952 wani ɗalibi, Harry Markowitz, ya wallafa gajeriyar maƙala da ta mayar da kasada abin aunawa. Kowa ya san hikimar raba jari, amma shi ya nuna cewa yawan wuraren da ka zuba kuɗi ba shi ne ke kare ka ba. Wanda ya sayi hannun jarin kamfanonin jirgin ƙasa masu yawa bai raba komai ba, tunda rana ɗaya za su faɗi tare. Abin dubawa shi ne wanne ke tashi lokacin da ɗan'uwansa ke faɗuwa, kuma ana iya fitar da wannan da alƙaluma. Shi da kansa ya ba da labarin cewa ranar kare kundinsa, masanin tattalin arziki Milton Friedman ya ce wannan ai ba ilimin tattalin arziki ba ne. An dai ba shi digirin, kuma a 1990 ya karɓi kyautar Nobel tare da Merton Miller da William Sharpe.

Daga nan abu ya yi sauri. A 1959 rahotanni biyu, na Gidauniyar Ford da na Carnegie, suka soki makarantun kasuwanci da raunin ilimi, kuɗi ya kwararo, aka ɗauko masana lissafi. A 1960 kamfanin dillancin hannun jari Merrill Lynch ya ɗauki nauyin wata cibiya a Chicago da ta zuba farashin kasuwar New York tun daga 1926 cikin kwamfuta. A 1973 Fischer Black da Myron Scholes suka wallafa hanyar lissafa farashin takardar zaɓi, wato 'yancin saye ko sayarwa nan gaba a kan farashin da aka yanke yau, kuma a watan Afrilun shekarar aka buɗe kasuwar irin waɗannan takardu a Chicago. Ba da jimawa ba dillalai suka riƙa shiga kasuwa da jadawalin malaman a hannu. A da jami'a ke leƙen kasuwa, yanzu kasuwa ce ke bin abin da aka rubuta a allo.

A ganina, ɓangaren da wannan karatu ya yi wa riƙon sakainar kashi shi ne bashi. An yi ƙoƙari: a 1968 Edward Altman na Jami'ar New York ya nazarci kamfanoni 66, ya fitar da ma'aunin da ke hango wanda zai durƙushe. Amma hankalin ɗalibai ya fi karkata ga farashi, alhali masifa daga bashi take ɓullowa. Asusun Long-Term Capital Management, wanda Scholes da Robert Merton ke cikinsa, ya ci bashi ninkin-ba-ninkin jarinsa. A 1997 Scholes da Merton suka karɓi Nobel, a 1998 sai da bankuna 14 suka haɗa kimanin dala biliyan 3.6 don ceto asusun. Bayan shekara goma, rancen gidaje da aka bai wa waɗanda ba za su iya biya ba, aka kuma lulluɓe shi da lissafi mai ƙayatarwa, ya kayar da bankin Lehman Brothers ranar 15 ga Satumba, 2008. Talakawan da suka rasa gidajensu ba su taɓa jin sunan Markowitz ba.

A Nuwamban shekarar Sarauniya Elizabeth ta ziyarci Makarantar Tattalin Arziki ta Landan, ta tambayi malaman yadda aka yi babu wanda ya hango abin. Rikicin ya sa aka dawo da rubuce-rubucen masanin tattalin arziki Hyman Minsky, wanda ya rasu a 1996 yana nanata cewa daɗewar zaman lafiya a kasuwa ita ke sa mutane su zurfafa cikin bashi. Tarihin rikice-rikicen kuɗi da nazarin halayyar ɗan'adam suka samu gurbi a manhaja.

Da karatun ya iso Kano sai ya tarar da tambayar da Chicago ba ta yi ba: yaya za a ba da jari babu kuɗin ruwa? Jami'ar Bayero ta kafa cibiyar nazarin banki da hada-hadar kuɗi ta Musulunci, bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, kuma a 2017 Gwamnatin Tarayya ta sayar da sukuk na naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Ɗalibin wannan fanni dole ya iya lissafin kasada, ya kuma san hukunce-hukuncen ciniki a fiƙihu.