Daga Cambridge zuwa raket ɗin sauro

1/ Raket ɗin kashe sauron nan da muke saya a shagunan Rogo, kun san ɗan uwan na'urar da ta fasa ƙwayar zarra ne?

2/ Heinrich Greinacher, mutumin Suwizalan, shi ya gano dabarar a 1919: a jera dayod da kafasita kamar tsani, kowane mataki ya ƙara ƙarfin wuta. A 1932 Cockcroft da Walton suka gina ƙatuwa a Cambridge, suka fasa zarrar litiyam, suka ci kyautar Nobel a 1951. Sunansu ya fi bin na'urar, na Greinacher ba a cika jin sa ba. Ni dai wannan na ba ni haushi.

3/ Masu harhaɗawa a gida, kafasita tana riƙe wuta ko an cire batir. Babbar kisa take yi.