Asalin Ƙugiya da Kifin Ƙarya

Tun kafin ɗan Adam ya san ƙarfe yake cin kifi. Mutanen farko da suka zauna a bakin ruwa ba su da ƙugiya irin ta yanzu. Guntun ƙashi ko na ice suke fiƙewa kai da gindi, su ɗaura zare a tsakiyarsa, su cusa shi cikin nama. In kifi ya haɗiye aka ja zaren, sai ƙashin ya gitta masa a maƙogwaro. Daga baya aka gano dabarar lanƙwasa shi. Wasu daga cikin ƙugiyoyi mafi tsufa a duniya an tono su ne a wani kogo na tsibirin Okinawa, ƙasar Japan. Da ƙwanson dodon koɗin teku aka yi su, shekarunsu kimanin 23,000.

To, ƙugiya sai da koto, koto kuwa nema ne kullum. Shi ya sa wasu suka yi tunanin yaudarar kifi da abin da ba ya ciwuwa. Ana ba da labarin wani Ba'amurke, Julio Buel, wai cokalinsa ya suɓuce ya faɗa tafki, ya ga kifi ya kai masa cafka yana juyi yana ƙyalli. Sai ya yanke mariƙin cokali ya manna masa ƙugiya. A 1852 hukuma ta yi masa rajistar wannan ƙira.

Wanda ya fi burgewa shi ne Lauri Rapala, wani talakan masunci a ƙasar Finlan. Yana cikin kwalekwalensa ya lura manyan kifaye ba sa bin garken ƙanana gaba ɗaya, wanda ya ji ciwo yake tangaɗi shi suke warewa. A 1936 ya ɗauki wuƙar dukanci ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itace mara nauyi, ya naɗe shi da takardar azurfa ta cakulan, ya narka tsohon fim ɗin hoto ya shafe shi don kada ruwa ya shiga. Ya yi ta gyara har abin ya riƙa karkata kamar majinyaci. Yau kamfanin Rapala na sayar da irinsa a duniya. Tsofaffin kifayen ƙarya kuwa sun zama kayan tarihi da masu kuɗi ke tarawa: wani kifin tagulla na Riley Haskell, mai rajistar 1859, an yi gwanjonsa a 2003 kan dala 101,200. Ba ruwa zai shiga ba, akwatin gilashi za a sa shi.

Mai karatu zai ce, me ya hana wannan dabara kama ƙasa a Zariya? Ruwan ne da kifin cikinsa. Kogin Kubanni, wanda ya raba Tudun Wada da Sabon Gari kafin ya faɗa Galma, da damina ja wur yake zama. Kifin ƙarya da ido yake aiki, ido kuwa ba ya gani a ruwan laka. Tarwaɗa da gashin bakinta take laluben abinci, ƙamshi da ɗanɗano take bi. Don haka mai fatsa a nan tana yake tonowa, ko ya sa gara, ko fara, ko hanjin kaza. Wasu har ɗan yankan sabulu suke maƙalawa, tarwaɗa kuma ta ci.

Ƙirar hannu dai tana nan, ta koma wani wuri ne. Yaron Tudun Wada zai samo doguwar sanda, ya ɗaura zaren roba, ya ɗaure ƙaramin noti kusa da ƙugiya don ta nutse. A sama sai ya yanko guntun tsohon silifas, ko totuwar kara, ya tsaga ya maƙala. Da ya ga silifas ya yi rawa ya nutse, sai fizga. In babu kuɗin ƙugiya, allura ake gasawa a lanƙwasa. A da maƙera ke ƙera ƙugiya, kafin ta kanti ta cika kasuwa, irin ta kamfanin Mustad na Norwe, wanda ya fara yin ta a 1877.

Sarkawa ma suna da nasu salon da ba ruwansa da koto. Mamari doguwar igiya ce mai jerin ƙugiyoyi tsirara daf da juna, kifi ya zo wucewa su sarƙe shi ta jiki. A bikin Argungu kuwa, wanda aka soma a 1934, homa da gora kawai ake shiga kogin Matan Fada da su.

Inda kifin ƙarya ke da ranarsa a ƙasar nan shi ne manyan ruwaye irin tafkin Kainji. Can giwan ruwa da tsage suke, masu farauta da ido, su ne ke bin abu mai ƙyalli. Tsage kam haƙoransa kan datse zaren roba, dole sai an haɗa da waya a bakin ƙugiyar.