Mamman Sani Abdullahi, Mai Kiɗan Ogan na Nijar

Mamman Sani Abdullahi, wanda ake rubuta sunansa Mammane Sani Abdoulaye a takardun Faransanci, makaɗi ne ɗan Jamhuriyar Nijar, kuma yana cikin na farko da suka yi kiɗan na'urar lantarki a Afirka ta Yamma. A Accra ta ƙasar Gana aka haife shi, daga baya iyalinsa suka koma Nijar.

Ya shiga harkar ne a shekarar 1974, yana ma'aikacin hukumar UNESCO. A wajen wani taro ya ga wani wakili daga Ruwanda da ogan ƙirar Italiya, wato na'urar kiɗa mai madannai irin ta fiyano amma mai aiki da lantarki. Sautin ya shiga ransa, ya yi ta lallashin mutumin har ya sayar masa. Wasu rubuce-rubuce na kiran na'urar Orlo, amma kamfanin da aka sani da ƙera irinta a Italiya Orla ne, kuma shi ya fi kama da gaskiya.

Abin da ya yi da ogan ɗin shi ne ya cancanci a tsaya a kai. Waƙoƙin gargajiya ya ɗauko, musamman na Fulani Woɗaaɓe da na Abzinawa, ya sauke su a kan madannai, ya haɗa da nasa da ya ƙirƙira. Kiɗan a hankali yake tafiya, karin yana komawa kan kansa sau da yawa, ƙaramar gangar cikin na'urar tana riƙe masa taki. A 1978 ya shiga ɗakin naɗar sauti na gidan rediyon ƙasa a Yamai, aka naɗi kiɗan hawa biyu, aka ɗora na biyu a kan na farko. Zamanin shugaban ƙasa Seyni Kountché ne, lokacin da gwamnati ke ƙarfafa ƙungiyoyin Samariya da bukukuwan al'adu, kuma da hannun ma'aikatar al'adu aka shirya fitar da kiɗan a kaset. Shirin bai kai inda aka so ba. 'Yan kwafi kaɗan ne suka fita, a cikin kaɗe-kaɗen kaset ɗin akwai taken "Salamatu".

Sai dai kiɗan bai ɓace ba. Shekaru fiye da 30 rediyo da talabijin na Nijar suna sa shi tsakanin shiri da shiri, ko a ƙarƙashin muryar mai sanarwa. Mutane da yawa sun girma da wannan sauti a kunnensu ba tare da an faɗa musu mai shi ba, kuma wannan rashin adalci ne ga mutumin da aka daɗe ana cin moriyar aikinsa.

Christopher Kirkley, Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da kaset ɗin a Yamai, ya nemi Mamman Sani, aka sake fitar da kiɗan a faifai a 2013 da sunan La Musique Électronique du Niger. A 2014 aka fitar da Taaritt, aikin da ya naɗa tsakanin 1985 da 1988 da sababbin na'urori, sai kuma Unreleased Tapes 1981–1984 a 2015. Bayan fitowar faifan farko ya fara zuwa Turai yana wasa a gaban jama'a.